Abubuwan da ke kayar da tsofaffi a cikin gida: misali daga unguwar Ali Kazaure ta Jos

Duk wanda ya daɗe yana neman halalinsa a Sabo ta Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Legas, ko Ama Hausa ta Owerri, ya san irin wayar nan da ke shigowa daga gida da sanyin safiya: "Sai haƙuri, Baba ya faɗi a banɗaki," ko "Hajiya ta zame a bakin rijiya, ƙafar ta ƙi takuwa." Kafin ka gama salati an shiga maganar mai ɗori da kuɗin hoton ƙashi. Daga nan sai a ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa.

Ba a musun ƙaddara. Amma likitoci sun daɗe da gano cewa tsoho ba ya faɗuwa haka kawai. Yawanci abubuwa uku ko huɗu ne ke haɗuwa a lokaci guda: raunin ƙafa, ido da ya dushe, maganin da ke sa jiri, da jiƙaƙƙen daɓe a cikin duhu. In aka cire ɗaya ko biyu daga ciki, haɗarin yana raguwa. Wannan bayani ya jero waɗannan abubuwa, ya ɗauki misali da Ali Kazaure, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, irin unguwar da ake barin iyaye a gidan gado yayin da 'ya'ya ke can kudu.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke faruwa. In aka cire haɗarin hanya, babu wani haɗari da ya kai faɗuwa kashe mutane, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi mutuwa a ciki. Rahoton da hukumar ta fitar a 2007 ya ce kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, adadin kuma yana ƙaruwa bayan shekara 70.

A nan Najeriya, wani bincike kan tsofaffi da masana na Jami'ar Ibadan suka wallafa a 2010, wanda ya shafi mutum sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a yankin Yarabawa, ya gano kusan kashi 23 cikin 100 sun faɗi a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Mata sun fi maza faɗuwa, masu ciwon gaɓɓai kuma sun fi sauran. Wato a cikin tsofaffi huɗu da ka sani, kusan ɗaya zai faɗi a bana.

Me ya sa Jos ta bambanta

Garin Jos yana kan tsauni ne, tsayinsa wajen mita 1,200 daga teku. Ƙasar duwatsu ce da hawa da gangara. Damina tana da tsawo, daga Afrilu har Oktoba, ruwan ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. A hunturu kuma, musamman Disamba da Janairu, sanyin asuba kan sauko wajen digiri 10 zuwa 12, abin da mutumin Legas ba ya gani.

Unguwanni irin su Ali Kazaure, Gangare da Dilimi sun samo asali ne tun zamanin haƙar kuza, lokacin da Hausawa suka cika tsakiyar garin. A irin waɗannan tsofaffin unguwanni, gida ɗaya ya sha ƙari da kwaskwarima: an ƙara ɗaki a nan, an ɗaga daɓe a can, titi ya hau, gida ya sauka. Sai ka tarar daga zaure zuwa tsakar gida akwai hawa da sauka biyu ko uku, ga lungu mai lambatu a buɗe. Mai shekara 30 ba ya ma lura da su. Mai shekara 75 kuwa kowane ɗaya tarko ne. Wanda ya ɗauko mahaifiyarsa ya kawo ta gidan haya a kudu shi ma ya karanta da kyau, domin banɗakin tarayya mai santsi da matakalar bene marar abin riƙewa duk ɗaya suke da waɗannan.

Abubuwan da ke jikin tsohon

Faɗuwar baya. Wannan ita ce alama mafi ƙarfi. Wanda ya faɗi sau ɗaya a cikin shekara ya fi kusa da sake faɗuwa. Matsalar ita ce iyayenmu suna ɓoyewa, ko don kunya, ko don kada a hana su fita. "Ai ɗan tuntuɓe ne" ita ce amsar da aka saba ji.

Raunin ƙafa da ciwon gwiwa. Tsokar cinya tana raguwa da shekaru, tana kuma raguwa da sauri in mutum ya kwanta jinya ko da na mako biyu ne. In ka ga tsoho ba ya iya tashi daga kujera sai ya dafa da hannu biyu, ko yana jan ƙafa maimakon ɗaga ta, ko yana bin bango in zai tafi, to ƙarfin ya ja baya. Ciwon gaɓɓai, wanda muke kira sanyin ƙashi, yana ƙara tsananta wannan, kuma sanyin Jos ba ya raga wa mai shi.

Ido. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, hawan jinin ido na biye da ita. Tun kafin a kai ga makanta, mai yana ba ya bambance bakin matakala da inuwa, musamman da magariba. Aikin cire yana gajere ne, kuma sau da yawa gani yana dawowa. Tsohon tabarau da ya daina dacewa da ido, ko wanda aka saya a kasuwa ba gwaji, shi ma yana ruɗa taku.

Jiri yayin miƙewa. Akwai tsofaffin da jininsu ke sauka da zarar sun miƙe daga kwance ko zaune. Sai ido ya yi duhu na 'yan daƙiƙu, in ba abin dafawa sai ƙasa. Ya fi faruwa da asuba, da bayan doguwar zama, da lokacin da jiki ya rasa ruwa saboda zawo, zazzaɓi ko azumi. Akwai kuma hajijiyar da ke fitowa daga cikin kunne, wadda ke tashi in an juya kai a kan filo. Ita ma likita na iya magance ta.

Ciwon suga. Yana kashe jijiyoyin tafin ƙafa, mutum ya riƙa jin kamar yana taka auduga, ba ya sanin inda ƙafarsa ta sauka, har silifas ya fice bai sani ba. In kuma suga ya yi ƙasa sosai, saboda an sha magani ba a ci abinci ba, sai rawar jiki da gumi da faɗuwa.

Yawan fitsarin dare. Kumburin da ke matse hanyar fitsari ga tsofaffin maza, da rashin riƙe fitsari ga mata, da ciwon suga, duk suna tayar da mutum sau uku ko huɗu a dare. Sanyi ma yana ƙara fitsari. Gaggawa da magagin barci da duhu in suka haɗu, ba sa barin tsoho lafiya.

Shanyewar ɓarin jiki, ciwon karkarwa da ruɗewar tsufa. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko da ya warware, ƙafa ɗaya kan rage ƙarfi. Wanda tunaninsa ya fara ruɗewa kuma yana mantawa cewa ba ya iya abin da yake yi a da.

Gautsin ƙashi. Wannan ba ya kayar da mutum, amma shi ke mayar da ƙaramar faɗuwa karaya. Ya fi yawa ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, miyar kuka da zogale suna taimaka wa ƙashi, haka ma shan hantsi.

Magunguna

Ku duba ledar maganin iyayenku. Sau da yawa za ku tarar da na asibiti, da na kemis, da wanda maƙwabciya ta ba da, da jiƙon gargajiya, duk ana sha tare. Yawan magunguna, musamman in sun kai huɗu ko biyar a rana, yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin faɗuwa. Waɗanda aka fi sa wa ido su ne:

Maganin barci da na kwantar da hankali, irin su diazepam. Suna barin mutum da magagi har gari ya waye.

Maganin mura da ƙaiƙayi mai sa barci, irin su chlorpheniramine, da amitriptyline da ake ba masu zugin jijiya.

Maganin ciwo mai ƙarfi, irin su tramadol da kodin.

Maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, in ya yi wa mutum yawa ko aka sha shi da dare.

Maganin suga irin su glibenclamide da allurar insulin, in ba a daidaita su da cin abinci ba.

A kula: ba a cewa a daina maganin hawan jini ko na suga. Dainawa kai tsaye ya fi faɗuwar haɗari. Abin yi shi ne a kwashe magungunan gaba ɗaya, har da na gargajiya, a kai wa likita ya duba, a kuma gaya masa ƙarara cewa mai shan su ya faɗi ko yana jin jiri.

Abubuwan da ke cikin gida

Banɗaki. Nan ne aka fi jin labari. Ruwan sabulu a kan siminti, gansakuka a gefen bango, ga tsugunno. Mai ciwon gwiwa yana iya tsugunawa, tashin ne aiki, sai ya kama ƙofa ko bokiti, su kuwa ba su riƙe mutum. Ƙarfe ɗaya da mai walda zai kafa a bango, da kujerar roba mai ƙarfi ta wanka, da kujera mai rami da ake ɗorawa a kan masai, suna sauya lamarin gaba ɗaya.

Tayil. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yaro ya samu buɗi a kudu, ya aiko da kuɗi a gyara wa Hajiya ɗaki, a shimfiɗa tayil mai sheƙi har banɗaki da baranda. Niyya ta alheri ce, amma tayil mai sheƙi in ya jiƙe da ruwan alwala, ko aka taka shi da safa a lokacin sanyi, santsinsa ya fi na siminti nesa ba kusa ba. In za a sa, a nemi mai kaushi. In an riga an sa, a shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa a hanyar da take bi.

Dokin ƙofa da matakala. A gidajen da aka ɗaga dokin ƙofa don tare ruwan sama, a shafa masa farin fenti yadda za a gan shi, a sa abin riƙewa a gefe. In tsoho yana kwana a bene, a sauko da shi ƙasa.

Shimfiɗu da tarkace. Ledar ɗaki da ta yage ta naɗe, gefen darduma, wayar caji da ta ratsa ɗaki, buta, kwanuka, turmi, takalman jikoki a bakin ƙofa, igiyar akuya a tsakar gida.

Wurin kwanciya. Katifa a ƙasa tana wahalar da mai raunin cinya wajen tashi, gado mai tsayi sosai kuma yana wahalar da shi wajen sauka. Daidai shi ne in ya zauna a bakin gado tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa sosai.

Duhu. Ba a dogara da wutar lantarki. A ajiye tocila a inda hannu zai kai daga kwance, a kafa 'yar fitilar sola a hanyar banɗaki. Wanda ke yawan tashi da dare a ajiye masa fo mai murfi a ɗaki. Wasu iyayen za su ƙi saboda kunya. A lallaɓa su.

Rijiya da ɗaukar ruwa. Bakin rijiya kullum a jiƙe yake. Jan guga da ɗaukar bokitin ruwan zafi zuwa banɗaki ba aikin mai shekara 70 ba ne.

Sutura. Silifas ɗin roba da gindinsa ya cinye, takalmin da ya yi yawa, zani ko hijabi mai jan ƙasa, babbar riga a kan matakala. Takalmi mai kama dunduniya da gindi mai kaushi ya fi.

Lokutan da suka fi haɗari

Asuba ce kan gaba. A lokacin ne mutum ya tashi daga dogon kwanciya, gaɓɓai sun sandare, maganin dare bai sake shi ba, ga duhu, ga sauri kada a tayar da sallah. A damina lungu ya yi taɓo, a hunturu an rufe kai da kunne da rawani ko mayafi har ba a ganin gefe. Dattijon da ya saba sahun farko shekara 50 ba za ka ce masa ya zauna a gida ya ji ka ba. Abin da zai yiwu shi ne a haɗa shi da jika ko maƙwabci su riƙa tafiya tare da tocila, a sama masa wurin alwala na zaune, a kuma tuna masa cewa malamai sun yi bayani wanda tsayuwa ke cutar da shi yana iya sallah a zaune.

A hunturu akwai ƙarin haɗari: kaskon gawayi a ɗaki rufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana ma kisa, kuma wanda ya faɗi kusa da kasko ƙuna ce ke biyo baya. A watan azumi kuma, mai ciwon suga ko hawan jini ya ga likita tun kafin a ga wata, a daidaita masa lokutan shan magani.

Kaɗaici da tsoro

Tsohuwar da 'ya'yanta suka watse, jikoki suna makaranta, ita za ta hau kujera ta ɗauko tukunya, ita za ta ruga kwashe shanya in hadari ya taso. In ta faɗi kuma tana iya daɗewa a ƙasa ba wanda ya sani, wannan daɗewar kanta cuta ce, balle a sanyin Jos.

Akwai kuma kuskuren da muke yi saboda tausayi. Da zarar tsoho ya faɗi sai a ce kada ya sake motsawa, komai a kawo masa. Zama wuri ɗaya yana cinye sauran ƙarfin da ya rage, tsoro ya shige shi, faɗuwa ta gaba ta fi ta farko muni. Wani babban nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje sama da 100, ya nuna motsa jiki, musamman na ƙarfafa tsayuwa da daidaita taku, yana rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba sai an je wani wuri ba: tashi da zama daga kujera sau da yawa a jere, ɗaga dunduniya ana dafe da bango, da zagaya tsakar gida kullum, da wani a kusa.

Sanda ma ba abin kunya ba ce. Tsayinta ya zo daidai wuyan hannu in an tsaya an saki hannu, a sa mata roba a gindi, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar da ke ciwo.

Yadda za ka gane wanda ke cikin haɗari

Ƙa'idojin duniya na rigakafin faɗuwar tsofaffi da aka fitar a 2022 sun ba da tambayoyi uku, kuma ko ta waya kana iya yin su. Kin faɗi a cikin shekarar nan? Kina jin kamar za ki faɗi in kin tsaya ko kina tafiya? Kina jin tsoron faɗuwa? In amsar ɗaya ta zama e, a bincika. Ka kuma tambayi wanda ke zaune da ita, don ita tana iya rufa maka.

In ka je gida da Sallah, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Tsohon ya zauna a kujera, ya tashi, ya yi tafiyar mita 3, wato kimanin ƙafa 10, ya juyo ya zauna, kai kuma kana duba agogon waya. Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ce wanda ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin haɗari. In akwai na'urar awon jini, a auna yana kwance, sannan a sake aunawa cikin minti 3 bayan ya miƙe. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, a sanar da likita. A koya masa kuma ya riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe.

In an riga an faɗi

Kada a yi saurin ciccíɓar mutum. A tambaye shi inda ke ciwo. In ba ya iya taka ƙafa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ana zargin karayar ƙugu; a rufe shi da bargo, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi zuwa asibiti. Karayar ƙugu ba irin ta hannun yaro ba ce. Yawanci aiki take buƙata, da wuri kuma, domin watannin kwanciya a gida ana jiran ɗori ya kama su ne ke kawo gyambon kwanciya, ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa, waɗanda ke kashe tsofaffi. A Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham da aka fi sani da Jankwano. Mazauna Ibadan kuma suna da cibiyar kula da tsofaffi ta Tony Anenih a asibitin koyarwa na garin, wadda aka buɗe a 2012.

In kai ya bugu, a kai shi asibiti ko da ya tashi yana magana, musamman mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Jini na iya taruwa a cikin kai a hankali, sai bayan makonni a ga ciwon kai, yawan barci, ruɗewa ko raunin ɓari ɗaya. Kada a ce tsufa ne ko iska.

In babu rauni, a taimaka masa ya juya gefe, ya durƙusa, ya dafa kujera mai ƙarfi, ya kafa ƙafa ɗaya, ya tashi ya zauna a kai. Ko ba ciwo, a kai shi a gano abin da ya kayar da shi.

Abin da na nesa zai iya yi

A cikin kuɗin da kake aikawa, ka ware na ƙarfen banɗaki, fitilar sola, takalmi mai kyau da gwajin ido, ka kuma sa a turo maka hotonsu bayan an yi. Ka nemi mutum ɗaya tabbatacce da zai riƙa leƙa ta safe da dare. Ka saya mata ƙaramar waya mai igiyar ratayawa a wuya, don wayar da ke kan gado ba ta amfanar wanda ke kwance a banɗaki. In ka je gida, ka tashi da asuba ka bi hanyar da take bi daga gado zuwa banɗaki ba tare da kunna fitila ba. Duk abin da ƙafarka ta ci karo da shi, a gyara shi kafin ka kamo hanyar dawowa kudu.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon kula da su.